Tsofaffin motocin da ke kwance a garejojin Nijar: yadda ake gane mai daraja kafin ta faɗa hannun ƴan gwangwan

Da wuya a shiga wata tsohuwar unguwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba a ci karo da tsohuwar mota a kwance ba. Wata tana bayan gareji tayoyinta sun nutse cikin rairayi, wata tana tsakar gidan wani alhajin da ya rasu shekaru da dama, kaji suna ƙwai a kujerarta ta baya. Ƙarshen mafi yawansu ɗaya ne: ƴan gwangwan su zo da sikeli da guduma, a yi ciniki bisa kilo, a farfasa ta, ƙarfen ya tafi narkewa, alminiyon kuma ya zama tukunya a kasuwar Katako.

A cikin motocin da ake farfasawa haka akwai waɗanda ba su da wani amfani da ya wuce na ƙarfensu. Amma akwai kuma waɗanda kaɗan suka rage a duniya, masu neman su a Turai da Amurka suna biyan miliyoyi don su mallake su. Magada da yawa sun rabu da irin wannan dukiya a kuɗin da bai kai na ragon layya ba, don kawai babu wanda ya gaya musu abin da ke hannunsu. Gane bambancin ba ya buƙatar karatun injiniya. Abin da yake buƙata shi ne a san ƴan alamomi, a kuma san ta wace hanya motocin suka shigo ƙasar.

Yadda suka shigo

Tarihin mota a Nijar ya haura shekaru 100. A ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, a tafiyar da Faransawa suka sa wa suna Croisière noire. Tayoyi biyu ne a gabansu, a baya kuma sarƙa irin ta tankar yaƙi. Sun biyo ta Yamai, Tasawa da Damagaram kafin su nufi tafkin Cadi, tafiyar kuma ba ta ƙare ba sai a Madagaska cikin watan Yunin 1925.

A ƙarshen 1959 kamfanin Berliet na birnin Lyon ya aiko manyan motocinsa 9 samfurin Gazelle, masu ja da tayoyi shida, suka ratsa Tenere daga Aljeriya har Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, suna kafa turakun ƙarfe a kan hanya don matafiya su riƙa gane inda suke. Shekaru 19 bayan haka, tseren Paris-Dakar na farko da Thierry Sabine ya shirya ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Agadas da Yamai.

Sai dai yawancin motocin da ke kwance a unguwanni yau ta wasu ƙofofi uku suka shigo. Ta farko ita ce ta gwamnati, kamfanonin ma'adinai da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke sayo sababbi, idan sun tsufa su yi gwanjonsu. Ta biyu ita ce hamada. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar Peugeot da arha, su tsallaka teku da ita zuwa Aljeriya, su biyo Tamanrasset, In Guezzam, Asamaka da Arlit, su sayar da ita a Agadas, Tawa ko Yamai, su koma gida ta jirgin sama da kuɗin. Wannan fatauci ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin Nijar. Daga nan tashoshin ruwan Kwatano da Lome suka karɓe harkar, motocin Japan suka mamaye tituna.

Ƙofa ta uku ita ce Najeriya, kuma ita ta fi shafar Maraɗi, Ƙonni da Damagaram. Daga 1975 aka soma haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, daga baya manyan motocin Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Da yawa daga cikinsu sun tsallako iyaka ta Ɗan Isa da Magarya.

Peugeot, wadda kowa ke kira Pijo

Duk mai son koyon gane tsofaffin motoci a ƙasar nan da Peugeot zai fara, domin ita ta fi yawa, kuma a cikinta ne aka fi yin kuskure.

Samfurin 403, da aka ƙera daga 1955 zuwa 1966, jikinsa a dunƙule yake ba kusurwa. Na farkon suna da kan zaki na ƙarfe a bisa murfin inji, wanda aka daina sakawa a ƙarshen shekarun 1950 saboda yana raunata wanda mota ta buge. Ganin 403 da ke tafiya da injinta a yau abin tsayawa a kalla ne.

Samfurin 404 ya fito a 1960. Fitilunsa na gaba zagayayyu ne, bayansa kuma yana da tsini biyu kamar fiffike, inda fitilun baya suke tsaye. Sandar giya tana jikin sitiyari. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1975, amma Kenya ta ci gaba da haɗa 404 har 1991. Ita ce ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, abin da ya sa sunanta ya kafu a nahiyar. Wadda aka fi sani a nan ita ce bashe, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wadda ta yi shekaru tana jigilar mutane da awaki zuwa kasuwannin ƙauye.

Samfurin 504 ya fito a 1968, aka zaɓe shi motar shekara ta Turai a 1969. Ana gane shi da fitilun gaba masu kusurwa huɗu da suka ɗan karkace, da kuma murfin baya da ya karye ya zubo ƙasa. An ƙera sama da miliyan 3. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya sa ta dace da hanyoyin Sahel shi ne tsayinta daga ƙasa, da sifirin mai dogon zango da ke shanye ramuka, da injin da makanikin ƙauye ke iya kwancewa a gindin bishiya. Saboda yawanta, 504 mai ƙofa huɗu ko doguwar nan mai layin kujeru uku da ta yi aikin tasha ba ta da wuyar samu. Iri biyu ne ke da wuya.

Na farko shi ne mai ƙofa biyu, ko dai rufaffe ko wanda ake naɗe rufinsa. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya ƙera jikinsu daga 1969, kuma tambarinsa yana manne a gefen motar. Sun fi 504 ta gama-gari gajarta da faɗuwa ƙasa, har wanda bai sani ba zai rantse ba dangi ɗaya ba ne. Daga 1974 an saka wa wasunsu inji mai silinda shida, kuma irin wannan ce ta lashe tseren Safari da na Bandama a Kodebuwa a 1978.

Na biyu shi ne 504 Dangel. Wani ƙaramin kamfani ne a yankin Alsace na Faransa ya riƙa karɓar doguwar 504 da bashe daga farkon shekarun 1980 yana mayar da su masu ja da tayoyi huɗu. Ba su wuce ƴan dubbai ba. Ana gane ta da tsayin da ya wuce kima, kamar an ɗora ta bisa duwatsu, da sunan Dangel a jiki, da ƙarin sanda kusa da giya. Wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta zai ga ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, abin da babu shi a sauran 504. Daga nesa tana kama da kowace tsohuwar bashe, shi ya sa ita ce aka fi saurin farfasawa bisa kuskure.

Samfurin 505, na 1979 zuwa farkon shekarun 1990, shi ne na ƙarshe a ƙananan motocin Peugeot da ke ja da tayoyin baya. Waɗanda ke ɗauke da rubutun GTI, Turbo ko V6 a baya su ne ake nema.

Ƙanana masu ban mamaki

Renault 4, wadda aka fi sani da katirel, an ƙera ta daga 1961 zuwa farkon shekarun 1990, sama da miliyan 8. Sandar giyarta daga cikin allon gaban direba take fitowa kamar mariƙin lema. Tana da wani abin da ko masu ita ba su cika lura da shi ba: tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a gefe ɗaya ta fi ta ɗaya gefen da ƴan santimita, saboda yadda aka jera sandunan sifirin na baya, ɗaya a gaban ɗaya. Wanda ya auna ya ga haka kada ya zaci hatsari ta yi. Ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga Paris-Dakar na farko da katirel mai ja da tayoyi huɗu, suka isa Dakar cikin sahun gaba.

Citroën 2CV, ta 1948 zuwa 1990, injinta silinda biyu ne, iska ke sanyaya shi, rufinta kuma tamfol ne da ake naɗewa. A cikin danginta akwai wadda ta fi kowace tsada, wato 2CV Sahara, da aka ƙera saboda masu aikin man fetur da jami'an da ke yawo cikin hamada. Inji biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne da makullinsa. Tayar safiya tana bisa murfin injin gaba, bakin tankunan mai kuma ta jikin ƙofofin gaba yake leƙowa. Waɗanda aka ƙera ba su kai 700 ba. An taɓa sayar da irinta a gwanjon Faransa sama da euro 100.000, wato fiye da miliyan 65 na kuɗin CFA, alhali nauyinta bai kai tan ɗaya ba in da a sikelin ƴan gwangwan aka ɗora ta.

Daga cikin dangin akwai Méhari, ta 1968 zuwa 1987, mai jikin roba mai layi-layi, wadda aka ara wa sunan raƙumin hawa na hamada. Akwai kuma Baby-Brousse, da aka soma haɗawa a Abidjan a 1963 bisa shasin Citroën, da jikin falankin ƙarfe da aka lanƙwasa kawai. Mota ce da aka yi a yammacin Afirka domin yammacin Afirka, kuma kaɗan ne suka tsira. Citroën DS kuwa, ta 1955 zuwa 1975, motar manya ce. Idan an kashe ta takan kwanta ƙasa, idan an tayar da inji ta ɗaga a hankali, domin ruwan mai da iskar gas ne ke riƙe da ita a maimakon sifirin. A cikin irinta Janar de Gaulle ya tsira daga harbin bindiga a Petit-Clamart ranar 22 ga Agusta 1962, direbansa ya ci gaba da gudu da tayoyi a fashe.

Volkswagen mai kama da kunkuru, wadda injinta ke baya, ana gane shekarunta ta gilashin baya. Idan ƙarami ne an raba shi biyu, ta girmi 1953. Idan ƙarami ne guda ɗaya mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 take. Mai faɗin gilashi ta biyo baya, kuma irinta ce aka haɗa a Legas. An rufe ƙera ta a Meziko a 2003 bayan an yi sama da miliyan 21, saboda haka sai tsofaffin farko ne ke da wuyar samu.

Motocin daji da na hamada

Land Rover ta fito a 1948. Jikinta alminiyon ne, ba ya tsatsa, shi ya sa takan yi kyan gani ko bayan shekaru 50 alhali shasin ƙarfen da ke ƙarƙashi ya ruɓe. Fitilu ne ke faɗin shekarunta. Idan suna matse a tsakiya cikin ragar gaba, motar ta girmi ƙarshen shekarun 1960. Idan sun koma gefe bisa kafaɗun tayoyi, ta biyo bayan haka. Samfuri na uku, na 1971 zuwa 1985, ragar gabansa roba ce, agogunan kuma suna gaban direba a maimakon tsakiyar allo. Wadda aka rubuta wa Santana a Sipaniya aka haɗa ta.

Toyota Land Cruiser samfurin 40, na 1960 zuwa 1984, shi ne masu tara motoci a Amurka suka fi haɗama a yau. Haruffan da ke kan farantinta suna da ma'ana. F na nufin injin esansi, B injin gazuwal mai silinda huɗu, H injin gazuwal mai silinda shida. Lamba 40 gajera ce, 45 doguwa. Farin ƙarfen da ya kewaye fitilun gaba yana da zagayayyun gefuna har zuwa 1979, daga nan ya koma mai kusurwa. Samfurin 60 da ya biyo baya a 1980 yana da zagayayyun fitilu biyu, daga 1987 suka koma huɗu masu kusurwa. Samfurin 70 kuwa, wanda ke cike da hanyar Agadas, tun 1984 ake ƙera shi har gobe, don haka tsohuwar siffarsa ba ta nuna tsufa.

A ɓangaren Mercedes, samfurin da makanikai ke kira 123, na 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, an ƙera kusan miliyan 2,7. Harafin D a bayansa gazuwal ne, T doguwa mai ƙofar baya, C mai ƙofa biyu. Masu T da C sun fi ƙaranci. Manyan motocin Mercedes masu zagayayyen hanci, irin su 911 da 1113, da suka soma fitowa a 1959, su ne suka yi shekaru suna ɗaukar kaya da fasinja har sama tsakanin Agadas, Dirku da Libiya. Berliet kuwa ana gane ta da tambarin kan jirgin ƙasa a goshi. Kamfanin ya narke cikin Renault a ƙarshen shekarun 1970, sunan ya ɓace, saboda haka duk kamiyon da ke ɗauke da wannan tambari ya haura shekaru 40.

Alamomin da ba sa ƙarya

Fenti da rubutun da ke jikin mota ana iya canza su a yini ɗaya. Abin dogaro shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 lambar takan kasance haruffa da alƙaluma 17, kuma babu haruffan I, O da Q a cikinta. Na farkon su ke faɗin wanda ya ƙera motar: VF3 Peugeot, VF1 Renault, VF7 Citroën, WDB Mercedes, SAL Land Rover, JT Toyota ta Japan. Motar da lambarta ta gaza 17, to, akasari ta girmi wannan shekara. Ana samun lambar a wuri biyu, a kan ƙaramin faranti da aka kafe kusa da inji, da kuma wadda aka buga cikin ƙarfen shasi ko na jiki. Dole su dace da juna, su kuma dace da abin da ke kan katin mota, wato carte grise. Idan akwai alamar walda ko goge a kewayen lambar, a yi hattara, mai yiwuwa motar sata ce ko kuma biyu aka haɗe.

Fitila mai ruwan ɗorawa ita ma shaida ce. Dokar Faransa ta tilasta irin wannan fitila tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993, don haka mai yiwuwa motar da ke da ita ta asali ta yi zama a Faransa kafin wannan lokaci. Wani lokacin akan tarar da tsohuwar lambar Faransa a ƙarƙashin ta Nijar ko a cikin akwatin baya. Alƙaluma biyun ƙarshe su ne yankin da ta fito: 75 Paris, 13 Marseille, 69 Lyon.

Sitiyari a hannun dama yana da nasa labari. Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo baya a 1974. Tsohuwar motar da ta tsallako daga Kano ko Katsina da sitiyari a dama, ko dai ta girmi wannan canji ko kuma daga Ingila ko Japan aka kawo ta kai tsaye.

Gilasai ma suna magana. Kowanne yana da ƙaramin hatimin kamfanin da ya yi shi a kusurwa, kuma idan duk hatiman iri ɗaya ne, alama ce motar ba ta taɓa mummunan hatsari ba. Ɗan mayen ƙarfe da aka bi da shi a jikin ƙofofi yana nuna inda aka cike rami da mastik, domin a nan ba zai kama ba. Wannan gwaji ba ya aiki a kan Land Rover da Méhari, tunda jikinsu ba baƙin ƙarfe ba ne.

Tsufa kaɗai ba ya sa daraja

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekaru 30 a matsayin ta tarihi, kuma a Faransa irin wannan mota na iya samun katin musamman na motocin ajiya. Amma shekaru mataki ne na farko kawai. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin samfurin, lafiyar shasi, kasancewar injin asali, cikar takardu, da sanin hannun da motar ta bi.

A nan Sahel tana da wata fa'ida. A Turai ana zuba gishiri a tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cinye ƙarƙashin mota. A Kwatano da Lome iskar teku ke yin wannan ɓarna. Motar da ta yi rayuwarta a Tawa ko Agadas takan tsira daga tsatsa, abin da masu saye suka fi tsoro. Abin da ke kashe ta a nan shi ne rana da ke ƙona roba da kujeru, ƙurar hunturu da ke shiga inji, da lodin da ya wuce ƙima a kan hanyar burji mai gargada, wanda ke tsaga shasi.

Dabarar makanikai ma takobi ce mai kaifi biyu. Injin Toyota da aka dasa cikin Peugeot, ko rufin da aka yanke don a mayar da mota bashe, sun sa motar ta ci gaba da ciyar da iyali shekaru da yawa. Ga mai tara motoci kuwa, sun rage mata daraja ƙwarai. Shi ya sa duk wanda ya canza inji zai kyauta wa kansa idan ya ajiye tsohon a ɗaki maimakon ya sayar da shi bisa kilo.

Kada kuma labarin miliyoyi ya ruɗi kowa. Farashin da ake ji a gwanjon Turai na motocin da aka gyara tsaf ne, bayan an kashe musu kuɗin da wani lokacin ya fi na sabuwar mota. Gangar jikin da ba inji, ba gilashi, ba takarda, ko da sunanta babba ne, ba za ta kusanci wannan kuɗi ba. Duk da haka, ko a irin wannan hali, fitilu, tambari, sitiyari, agogunan allo da ƙarafunan ado masu ƙyalli sukan fi dukan sauran ƙarfen tsada idan aka sayar da su daban.

Ga mai mota, ga mai kallo

Iyalin da ke da tsohuwar mota a gida, abu na farko shi ne su nemo takardunta, katin mota da takardar duwan, su adana. Sai a ɗauki hotonta ta kowane gefe, da farantin shasi, da injin. Da waɗannan hotuna ana iya tambayar tsofaffin makanikai biyu ko uku, a kuma duba a intanet nawa irinta ke yi. Idan motar gado ce, haƙƙin dukan magada ce, bai halatta ɗaya ya sayar da ita a ɓoye ba, kuma kimanta ta bisa kilo alhali ta fi haka cin haƙƙin marayu ne ko da ba da niyya ba. Idan dillali ya zo da gaggawa yana cewa yau ko gobe, wannan gaggawar kanta dalili ce ta a dakata. Kada a miƙa katin mota sai kuɗi sun shiga hannu, kuma a yi takardar sayarwa da hukuma ta buga wa hatimi, don kada a wayi gari an aikata laifi da motar da har yanzu ke ɗauke da sunan mamaci.

Wanda ya zaɓi ya riƙe tasa, ya janye ta daga rana da ruwan sama, ya ɗora ta bisa itace ko bulo don tayoyi su huta, ya cire batir. Injin da ya yi shekaru a kashe ba a tayar da shi da makulli kai tsaye. Akan zubar da tsohon mai, a sake baƙin mai, a fara juya injin da hannu don a tabbatar bai kafe ba. Birki da tayoyi kuma sai an sabunta su kafin a hau titi, domin robar da ta bushe takan fashe ba gargaɗi. Kayan gyaran 504 har yanzu ana samun su a Kano da Kaduna, Toyota kuma ta sanar a 2021 cewa za ta koma ƙera wasu kayan Land Cruiser samfurin 40.

Ga matasan da ke sha'awar yawon neman irin waɗannan motoci da wayoyinsu, wuraren dubawa su ne bayan garejoji, tsofaffin tashoshin mota, kasuwannin mako na ƙauyuka inda bashe ke aiki har yanzu, da unguwannin tsofaffin ƴan kasuwa. Ladabin abin shi ne a yi sallama, a nemi izinin mai mota kafin a ɗauki hoto, a rufe lambarta kafin a watsa a Facebook ko WhatsApp, kada kuma a bayyana gidan da take, saboda ɓarayin kayan gyara. Motocin soja da na jandarma, da duk wadda ke cikin bariki ko kusa da shingen jami'an tsaro, a bar su, komai tsufansu. Tsohon direba ko makanikin da ke zaune kusa da motar shi ne littafinta, kuma sau da yawa abin da zai faɗa game da hanyoyin da ta bi ya fi hoton amfani.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane cewa mota ma kayan tarihi ce. Mercedes ɗin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta. Cadillac ta Kwame Nkrumah tana wurin tunawa da shi a Accra. Ɗaya daga cikin motocin haya masu zane-zane na Dakar tana Musée de l'Homme a Paris. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai kuwa, mutane na zuwa kallon bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kayar a 1973. Bashen 404 da ta kai gyaɗar Maraɗi kasuwa, da Berliet ɗin da ta kai hatsi arewa a shekarun fari, su ma suna da gurbi a irin wannan wuri, in har an samu wanda ya tsamo guda ɗaya mai lafiya kafin guduma ta riga shi.